Falsafa da Kuɗin Shiga: Tarihin Farashin Ilmi a Birnin Kudu da Gwaram

Manomin ƙasar Gwaram wanda ya sayar da riɗinsa a kasuwar Sara don ya kai ɗansa jami'a, in aka ce masa yaron falsafa zai karanta, abin da zai fara tambaya shi ne, "To, in ya gama me zai ci?" Amsar wannan tambaya ta sake har sau uku a tarihin wannan yanki, kuma kowane karo mai sayen ilmin ne ya sauya ta.

Da fari dai, ilmin auna hujja ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram su ke cikinta kafin a yanki Jihar Jigawa a 1991. Shaihu Magili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi jayayya da Shaihu Suyuɗi na Masar a kan halaccin ilmin manɗiƙi, shi Magili yana kare shi. A Sakkwato kuwa, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya shahara da rubuce-rubuce a kan hikima. Malamin zaure ba shi da albashi. Gona ke ciyar da shi, da sadaka, da zakkar hatsi bayan kaka. In ya ƙware a fiƙihu, watakila sarki ya ba shi alƙalanci. Saboda haka fiƙihu ke kawo abinci, manɗiƙi da tauhidi kuwa girma su ke kawowa. Mutanen dā sun san wannan bambanci sarai, ba su kuwa raina ko ɗaya ba.

Zamani na biyu shi ne na En'e da Gwamnati. Aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙudura cika ofisoshinta da 'ya'yan ƙasa, alhali masu digiri ba su taka kara sun karya ba. Don haka duk wanda ya fito jami'a, ko me ya karanta, aiki na jiransa. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, mai digiri ya kan fara aiki a mataki na 8, ko tarihi ya karanta ko lissafi. Watau a lokacin takardar ke da farashi, fannin kuwa ba a cika tambayarsa ba. Ita falsafa a jami'o'in Kudu aka fara buɗe mata sassa, kamar Nsukka da Legas da Ife da Ibadan. Ɗan Arewa ya fi gamuwa da ita ta ƙofar Larabci da nazarin addinin Musulunci.

Ko a wannan zamani ma takarda ba ita ke yin attajiri ba. Aliko Ɗangote ya gama makarantar sakandare ta Gwamnati a Birnin Kudu a 1978, amma dukiyarsa daga fatauci ta fito, sana'ar gidan Alhassan Ɗantata, inda mahaifiyarsa ta fito.

Zamani na uku ya soma da faɗuwar kuɗin man fetur da shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, jami'o'i kuma suka yi ta ƙaruwa. Jigawa kanta ta sami ta Tarayya a Dutse a 2011. Manufar ilmi ta ƙasa ta ware kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni. Daga nan mai ɗaukar aiki ya fara tambayar abin da mutum ya iya. Likita da malamin jinya suna da ƙofa a buɗe, kamar asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Mai falsafa ba shi da ofishin da aka rubuta sunan fanninsa a ƙofa, sai dai koyarwa, ko ya ƙara da aikin jarida, ko lauya, ko mulki.

To, lissafin da ya wajaba a kan uba shi ne: shekara huɗu na kuɗin makaranta da abinci, da shekara huɗu da gona za ta rasa hannun saurayi, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973. In abin da a ke nema shi ne albashi da wuri, falsafa ita kaɗai ba ta yi alkawarinsa ba, kuma wanda ya ce wa manomi ta yi, ya cuce shi. In kuwa yaron zai haɗa ta da sana'a, to, ya koma kan tsarin malaman zaure, waɗanda su kan karanta manɗiƙi da rani, da damina kuma su ɗauki fartanya.