Asalin "Bayan Gaisuwa" a Wasiƙun Hausa

Muhawarar da ake yawan yi tsakanin malaman zaure da 'yan boko a Gwange, unguwar nan ta Yerwa da ke gefen kogin Ngadda inda Hausawa suka yi yawa, ita ce ko ta yaya "bayan gaisuwa" da "bayan haka" suka sami gurbinsu a goshin wasiƙa. 'Yan boko suna jingina abin ga makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, alhali kuwa, a ganina, wannan da'awa ba ta da hujja.

Ita kalmar "baya" tamu ce tun fil'azal, daga jikin mutum aka ɗauko ta aka ba zamani, kuma tana da 'yan'uwa irin su "kana" da "daga bisani". Amma ajiye ta daidai inda yabo yake ƙarewa, buƙata take farawa, wannan aikin "amma ba'adu" ne na Larabci, wadda malamai suka yi saɓani a kan wanda ya fara furta ta, waɗansu suka ce Annabi Dawuda ne, alaihis salam, waɗansu suka ce Ƙussu ɗan Sa'ida, mai huɗubar Ukaza. Abin da ya tabbata dai shi ne tana cikin wasiƙar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zuwa ga Hiraƙla, sarkin Rum.

Barno kuwa ta daɗe da ƙwarewa a wannan fanni, domin tun wajen 1391 Mai Usmanu ɗan Idirisu ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ da takarda, wadda Alƙalƙashandi ya adana a cikin Subhul A'asha. Daga 1808, da Shehu Laminu ya shiga musayar wasiƙu da shugabannin jihadi a kan halaccin yaƙar Barno, wadda Muhammadu Bello ya tattara a Infaƙul Maisuri a 1812, sai aka ga masana suna suka da raddi da kaifin alƙalami, ba tare da sun yar da ladabin bismilla da hamdala da sallama ba. Almajiran irin waɗannan magatakarda, da suka koma rubuta wa fatake da alhazai wasiƙa da ajami, su ne suka mayar da "ba'adu" ta zama "bayan haka", tun kafin Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907. Saboda haka da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, masu rubuto wa editanta Abubakar Imam sun riga sun gaji salon.

Masu cewa ai da aro ne da an ari lafazin ma, sun manta cewa an are shi, sai dai fiƙihu ya riƙe shi a masallaci: duk wanda ya karanta littafin Ahalari ya san ƙabli da ba'adi, sujadar rafkanuwa kafin sallama ko bayanta. Har ma "sannan", da suke kafa hujja da ita a kan Hausa tsantsa ce, "sa'an nan" ce aka dunƙule, "sa'a" kuwa Larabci ce.