Tsoron Asara ko Lissafin Gandu? Gwajin Ɗaki da Manomin Funtua

Wasu masu tsara ayyukan gona na ganin jan ƙafar manomi wajen karɓar sabuwar dabara ba komai ba ne illa tsoron asara, ɗabi'ar da Kahneman da Tversky (1979) suka auna ta hanyar yi wa 'yan jami'a tambayoyin zaɓi. A ganina, an ɗora wa gwajin nan kayan da suka fi ƙarfinsa.

Shirin raya noma na Funtua, wanda ya fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya zo da takin zamani da ingantaccen iri da shawarar shuka amfani guda a gona. Taki ya karɓu, masara ta bazu, amma haɗa dawa da gero da wake bai gushe ba. In tsoro ne ke jan akala, me ya sa bai hana manoma zuba kuɗinsu a taki ba? Tuni Norman (1974) ya nuna a ƙauyukan Zariya cewa gauraya shuka na da ribarta, kuma tana rage hatsarin tashi hannu wofi.

Za a ce ai Binswanger (1980) da manoman Indiya ya yi nasa gwajin, da kuɗi na gaske, kuma ya tarar yawancinsu na gudun kasada. Hujja ce mai nauyi. Sai dai wanda ake gwadawa shi kaɗai yake zaɓi, nan take, ba mai tuhumarsa gobe. Maigida a ƙasar Malumfashi kuwa yana shuka ne da cefanen iyali da auren 'ya'ya da bashin da zai biya da kaka a ransa. Aikin Clough (2014) a ƙauyen Marmara da ke can cike yake da irin waɗannan alaƙoƙi. Udry (1994) ma ya gano a yankin Zariya cewa biyan bashi kan sassauta idan masifa ta auka wa wanda ake bi. Ke nan nauyin asara ya danganta da wanda zai taya ka ɗauka, abin da ɗakin gwaji ke cirewa da gangan.

Ban ce gwaji aikin banza ba ne, kuma 'yan ƙauyukan nan ba sa wakiltar kudancin Katsina duka. Iyakar abin da hujjojin nan ke iya ɗauka shi ne: gwaji kan nuna akwai ɗabi'ar, amma ƙarfinta a ranar shuka sai an auna a gonar.