Tarihin Yaƙi Da Sanƙarau A Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya girma a ƙasar Maradun, ko Talata Mafara, ko Bakura, ba sai an gaya masa lokacin sanƙarau ba. Ba ya zuwa da damina. Sai an gama kaka, hunturu ya busa, Gulbin Sakkwato ya ja baya, sa'an nan a fara jin labarinsa ɗaya ɗaya. In bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai ya yi ƙarfi. Da ruwan farko ya sauka kuwa, sai ya janye kamar an yi masa tsawa. Kakanninmu sun lura da wannan tun da daɗewa, amma dalilinsa ya ɓoye musu. Bari mu bi tarihin wannan cuta, mu ga yadda masana suka yi ta bin sawunta, da inda aka kwana.

Likitoci sun fara rubuta labarin annobarta a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan cikin 1805, amma ba su san mafarinta ba. Sai a 1887 wani likita na birnin Biyana, sunansa Anton Weichselbaum, ya duba ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar waɗanda cutar ta kashe, ya ga ƙwayoyin da ke kawo ta cikin madubin likita. Biyu biyu suke zama, ƙanana ne ainun, ko an jera dubu ba su kai kaurin ƙwayar gero ba.

A ƙasarmu, babbar annoba ta farko da aka rubuta ita ce ta 1905, wadda aka gani a Zungeru, inda hedkwatar Gwamnatin Arewa take a zamanin nan. A 1921 ta dawo da ƙarfi, aka lasafta mutum fiye da 40,000 sun mutu a Lardin Sakkwato kaɗai, ƙasar Zamfara kuwa tana cikin lardin nan a lokacin. Babu magani, mafi yawan waɗanda suka kamu ba su tashi ba. Sai a 1938 aka sami wata ƙwaya a Ingila mai suna M&B 693. Da ita da 'yan uwanta aka tari annobar 1949 da 1950, aka ceci rayuka masu yawa. Amma fa magani wanda ya riga ya kwanta yake warkarwa, ba ya hana wani kamuwa.

To, yaya cutar ke aikinta? Mazaunin ƙwayar shi ne maƙogwaro da bayan hancin ɗan Adam. Mutum yakan ɗauke ta makonni ko watanni yana harkarsa lafiya lau, yana ba waɗansu ta wurin tari da atishawa, da kwana ɗaki ɗaya cikin cunkoso. Ga mafi yawan mutane ba ta yin kome. Amma ga wani sai ta huda fatar maƙogwaro ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Tantanin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe mutum, kai ya yi kamar zai tsage, wuya ya sanƙare. Daga nan cutar ta sami sunanta. Tana iya kisa cikin yini ɗaya da kwana ɗaya. Cikin waɗanda suka tashi kuma, misalin ɗaya cikin biyar yakan saura da lahani, kamar kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin tunani.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara labarin annobar ƙasa ƙasa, ya nuna cewa tana da yankinta, watau ƙasashen da ke kudu da Hamada masu dogon rani. Yankin nan ya miƙe daga Sanagal har Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Bayan 1970 Dokta Brian Greenwood da abokan aikinsa suka zauna kan cutar a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Suka tarar ƙwayar ba ta barin maƙogwaron jama'a da damina, tana nan tana yawo, masu kwantawa ne ke raguwa. Suka ce lalle busasshiyar iska da ƙura da zafi su ke raunana fatar maƙogwaro, su buɗe mata ƙofa. Kun ga abin da kakanni suka gani da ido ya sami bayani ke nan. A Zariya ɗin kuma aka gwada wata allura mai mai, wadda in an yi sau ɗaya takan wadatar, aka daɗe ana aiki da ita a ƙauyukan da ke nesa da asibiti.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran labarin. Kowace ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga ta wani irin sukari, wadda ke kare ta daga dakarun da ke cikin jini. Rigunan iri 12 ne, masana sun sa musu haruffa, shida daga ciki su ke kawo mafi yawan ɓarna: A, B, C, W, X da Y. Allurar rigakafi tana nuna wa jiki rigar tun ɓarawo bai zo ba, domin ran da ya zo a gane shi. Amma jikin da aka nuna wa rigar A bai san mai rigar C ba. A ƙasarmu, mai rigar A ita ce ta yi mulki shekara da shekaru.

An sami allurar farko a Amurka cikin 1969, daga sukarin rigar zalla. Tana da amfani, amma tana da aibi uku. Ba ta kama jarirai sosai, ƙarfinta yakan gushe bayan misalin shekara uku, ba ta kuma fid da ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka sai annoba ta tashi ake bin ta da allura.

Shekarar 1996, wadda a cikinta aka kafa Jihar Zamfara, ta nuna kasawar wannan dabara. A Nijeriya aka lasafta mutum 109,580 sun kamu, 11,717 sun mutu. A Afirka duka, waɗanda suka kamu sun kai 250,000. Cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka yi sulhu da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan ya bar darasi: bincike ba ya halatta sai da sanin mutane da yardarsu.

Bayan annobar nan shugabannin Afirka suka nemi a samo allura mai ƙarko, mai araha. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka ɗauki aikin, wani kamfani na birnin Pune a Indiya, Serum Institute, ya yarda zai yi ta kan kuɗin da bai kai rabin dala ba. Dabarar ita ce a ɗinka sukarin rigar A jikin wani sinadari da jini ba ya mantawa da shi. Allurar da aka samu, MenAfriVac, tana kama yara ƙanana, tana daɗewa, tana kuma share ƙwayar daga maƙogwaro, har wanda ba a yi wa ba ya sami inuwa. Aka fara ta a Burkina Faso cikin Disamba 2010. A ƙarshen 2011 ta iso Nijeriya, Zamfara kuwa tana cikin jihohi biyar na farko, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Cikin 'yan shekaru mai rigar A ta kusan ɓacewa daga yankin duka.

Mutane suka yi tsammani an gama. Ashe da sauran rina a kaba. A 2013 aka ga wata sabuwa mai rigar C a Jihar Sakkwato. A 2015 ta kwantar da mutum fiye da 8,000 a Nijar. Cikin Disamba 2016 ta ɓulla a Zamfara, amma labari bai kai ga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Abuja ba sai tsakiyar Fabrairu 2017. Kafin nan ta bazu, ƙasar Maradun ma ba ta tsira ba. Da aka nemi allurar C sai aka tarar ba ta da yawa a duniya, kashin farko mai yawa da aka samu 500,000 ne, bai kuwa iso ba sai bazara ta yi nisa. Zuwa Yuni an lasafta mutum 14,518 sun kamu a Nijeriya, 1,166 sun mutu. Kusan rabin masu ciwon 'yan Zamfara ne, kusan rabi kuma yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Gaskiyar Hausawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ina wannan baƙuwa ta fito? Kowane mai rai yana ɗauke da wani dogon rubutu na halitta a cikinsa, wanda masana ke kira DNA, a zamanin yau kuwa ana iya karanta shi harafi harafi. Masana na birnin Oslo a ƙasar Norwe suka karanta na ƙwayoyin da aka ɗebo daga majiyyata a Nijeriya da Nijar, suka gwada da na waɗansu. A 2018 suka bayyana cewa 'yar uwarta mafi kusa wata ƙwaya ce marar riga, marar ɓarna, wadda aka samu a maƙogwaron wani lafiyayye a Burkina Faso cikin 2012. Ƙwayoyin nan sukan ari guntun rubutu daga junansu. Ita wannan ta ari umurnin saƙa rigar C, ta sa, ta zama makashiya. Watau abokiyar gaba tana iya sake riga.

Saboda haka masana suka ce a nuna wa jiki riguna da yawa gaba ɗaya. Aka haɗa wata allura, Men5CV, mai tare iri biyar: A, C, W, X da Y. An gwada ta kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023. Cikin Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi wa jama'arta ita. Hukumar ta kuma ɗaura niyyar kawar da annobar sanƙarau kafin 2030.

Amma aikin masana ba ya cika sai da na jama'a. Annobar 2017 ta nuna cewa jinkirin labari ma kisa yake yi. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da rani, da ciwon kai da amai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a kwana da shi, a kai shi asibiti nan da nan, domin akwai magani in an zo da wuri. A sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar iska ta shiga. In masu allura sun zo, a yi tambaya har a gamsu, sa'an nan a fito da yara. Wanda Allah ya ba karatu kuwa, ya karanta wa wanda bai samu ba. Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, neman maganin kuwa wajibinmu ne. Allah ya kiyashe mu, amin.