Macbeth Mai Hatimin Sito

Akwai wani tsohon malamin adabin Turanci da ya koma gida Wurogauri bayan ritaya, har yau bai huce ba kan abin da ya gani a hannun wani sabon malami: 'yar ƙasida ce ta tambaya da amsa kan wasan Shakespeare, babu wasan kansa a ciki. Wai da ita ake shiga aji yanzu.

A zamaninsa, tun Gwandu da Kalgo suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, ɗan aji biyar ba ya tunkarar jarrabawar WAEC sai da bugun New Swan na kamfanin Longman. Bernard Lott ne ya shirya Macbeth ɗinsu. Shafi ɗaya wasa, mai fuskantarsa sharhi cikin sassauƙan Turanci, don tun asali an yi bugun ne saboda ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne.

Amma ba sharhin Lott yake kewa ba. Littafin na makaranta ne, daga sito ake karɓa, da hatimi a goshinsa, a mayar ƙarshen shekara. Sai ka buɗe bango ka ga jerin sunayen waɗanda suka riƙe shi kafin kai. Kowa ya bar abinsa da fensir a gefen shafi: wani ya fassara zancen mayu uku da Hausa, wani da ajami, wani ya ja layi inda ake yawan tambayar wa ya faɗa, wa aka faɗa wa. Yaran ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne a wannan, sun taso suna ganin malaman zaure suna cika gefen littafi da bayani. Kwafin da ya fi yagewa shi ake rububi.

Daga nan hira takan kauce masa zuwa wani malami ɗan Gana da ya yi aiki tare da shi, wanda ba ya yarda a karanta kisan Sarki Duncan a zaune. Sai an tashi, an ture tebura, ƙato mai gemu-gemu ya yafa zane ya zama matar Macbeth. Korar baƙi ta 1983 ta tafi da shi, ajinsa ya yi zango guda babu kowa.

Da aka koma tsarin karatu na 6-3-3-4, aka fara jarrabawar SSCE a 1988, sito ya fara zama fanko, saye ya koma kan iyaye. Yana tuna cewa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu, shi ya sa tsohon malamin yake cewa fassarar da ɗalibansa suka warwatsa a gefen Macbeth da an tattara ta, da ta kusa littafi. Kwafi biyu na Macbeth ɗin sito ya tsira da su. Ya aika wa sabon malamin ɗaya, da sharaɗin ya dawo da shi bayan jarrabawa.