Jiragen Fasinja a Kaduna: Daga Nigeria Airways Zuwa Chanchangi

Tarihin sufurin sama a ƙasar Hausa ya faro ne a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano. Amma harkar ɗaukar fasinja ba ta kankama ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka kafa kamfanin WAAC a 1946 domin ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da ke ƙarƙashin Ingila. Daga cikinsa ne Nigeria Airways ya fito a 1958. Da yake Kaduna ita ce hedkwatar Jihar Arewa, tana cikin garuruwan da jiragensa ke sauka, a tsohon filin da ke wajen Mando, kafin a buɗe sabon filin da ke arewa maso yamma da gari a 1982.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan sana'a take. Jirgi ba ya kawo ko kwabo sai yana sama, kuma kujerar da ta tashi babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta sai gobe kamar buhun masara. Sa'an nan da naira ake sayar da tikiti, alhali kayan gyara da kuɗin hayar jirgi da dala ake biya. Saboda haka da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai kamfanoni suka shiga tsaka mai wuya.

Nigeria Airways kuwa tun kafin nan ya soma rashin lafiya. Akan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, har ya zama fasinjoji sukan kwasa da gudu zuwa bakin jirgi, mai ƙafa ya samu wuri, dattijo ya koma ya jira. An ɗauko kamfanin KLM na Holan a 1979 ya riƙe shi shekara biyu, amma bashi da sakaci suka ci gaba da cin sa, har ya durƙushe a 2003.

Wannan giɓi ne attajiran Arewa suka shigo su cike. A Kano Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai. A Kaduna kuma Alhaji Ahmadu Chanchangi, mazaunin Tudun Wada, ya kafa Chanchangi Airlines a 1994, ya fara jigila a 1997. Da jirage samfurin Boeing 727 da 737 ya haɗa Kaduna da Legas, yana kuma zuwa Abuja da Fatakwal, ta yadda ɗan kasuwa zai tashi da safe ya kammala sha'aninsa a Ikko ba tare da ya kwana a hanya ba.

Sai dai tsohon jirgi, ko da an same shi da araha, riƙonsa da tsada. Jiragen suka yi ta raguwa, har a 2010 hukumar NCAA ta dakatar da kamfanin saboda saura jirgi ɗaya ke aiki, alhali doka ta ce aƙalla biyu. Ya dawo na ɗan lokaci, daga baya ya tsaya.

Filin Kaduna ya sake cika a 2017, da aka rufe na Abuja mako shida domin gyaran titin saukar jirage. A kamfanonin ƙetare, Ethiopian Airlines ne ya yarda ya sauka a nan, wanda shi ma na gwamnati ne, yana kuma aiki tun 1946. Ashe ba mallakar gwamnati ko ta attajiri ke raya kamfani ba. Tikiti alkawari ne na kujera da lokaci da isa lafiya, kuma wanda ya tanadi kuɗin gyara domin cika shi, shi ke daɗewa. Labarin matuƙa da ma'aikatan da suka yi wannan zamani yana nan a bakunansu cikin garin Kaduna, yana jiran marubutanmu tun masu shi suna raye.