Raina Kama: Maɗaba'ar da Ba Ta Mallaki Inji Ba

Littattafan soyayya da suka riƙa ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa kasuwar Maraɗi a shekarun 1990, mafi yawansu a Kano aka haife su, kuma ba wani babban kamfani ne ya ɗauki nauyinsu ba. Tun da hukumar NORLA ta rushe a 1959, kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne madogarar marubucin Hausa. Shi ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaron da ya yi balaguro zuwa sararin samaniya. To amma da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, sai manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta.

Cikin wannan giɓi ne ƙungiyar Raina Kama ta ɓullo a Kano a ƙarshen shekarun 1980. Daga cikin jigoginta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. Kowane marubuci shi ke neman kuɗin buga littafinsa a ƙananan maɗaba'u, ƙungiya kuwa ta ba shi suna, ta jera littattafan 'yan'uwansa a cikin nasa, domin kowane littafi ya yi tallar saura. Da haka Alhaki Kuykuyo Ne (1990) da In Da So Da Ƙauna suka shiga ɗakunan matan aure da makarantun 'yanmata, tare da labaran aljanu da jarumai na wasu marubutan.

Farin jinin ya zo da zargi. Malamai da iyaye suka ce littattafan suna koyar da batsa, alhali yawancinsu auren dole da kishi da ilimin mata suke tattaunawa. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su, muhawarar ta daɗe a jaridu.

Sai dai ba zargi ne ya raunana ƙungiyar ba, nasararta ce. Bayan Turmin Danya na 1990, fim ɗin bidiyo ya zama kasuwa, jigogin suka koma mayar da littattafansu fim, sababbin marubuta kuma suka gane hanyar maɗaba'a da kansu. Lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano a 2007, zamanin Raina Kama ya riga ya shuɗe. Abin da ta bari shi ne hujjar cewa marubucin Hausa na iya isa ga mai karatu, daga Kano har Maraɗi, ba tare da jiran izinin edita a Zariya ba.