Gasannin Baƙar Fata a Wasan Besbol na Amurka da Haƙƙin da Tarihi Ya Riƙe Musu

Besbol, wanda Amurkawa ke ɗauka a matsayin wasan gargajiyar ƙasarsu, wasa ne da ake yi tsakanin ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa tara-tara, inda mai jifa ke wurga ƙaramar ƙwallo mai tauri wajen mai duka, shi kuma ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu da aka kafa a filin, kuma duk wanda ya kammala zagayen ya ciyo wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da wuya a sami wasan da masoyansa suka ba lissafi muhimmanci kamar wannan, domin kowane jifa da kowane duka ana rubuta shi a kundi, kuma da wannan kundin ne ake auna ɗan wasan yau da wanda ya rasu tun zamanin kakanni. Saboda haka wanda aka hana sunansa shiga kundin an shafe shi ne daga tarihin wasan, kuma abin da ya sami dubban 'yan wasa baƙar fata ke nan.

Ba tun farko aka rufe musu ƙofa ba. A shekarar 1884 Moses Fleetwood Walker, wanda mai cafke ne, wato ɗan wasan da ke tsugunawa bayan mai duka don kama ƙwallon da ya kuskure, ya buga wa ƙungiyar Toledo a ɗaya daga cikin manyan gasannin lokacin. To amma a 1887 masu ƙungiyoyin gasar International League suka kaɗa ƙuri'ar daina ɗaukar sabbin 'yan wasa baƙar fata, kuma kafin ƙarnin ya ƙare an gama share su daga ƙungiyoyin fararen fata. Manyan gasannin biyu, National League da American League, ba su taɓa rubuta wannan haramci a dokokinsu ba, yarjejeniya ce ta baka tsakanin masu ƙungiyoyi, kuma wannan ya ba Kenesaw Mountain Landis, kwamishinan wasan daga 1920 zuwa rasuwarsa a 1944, damar cewa babu dokar da ta hana kowa, alhali ko baƙi ɗaya bai taka filin ba a zamaninsa.

Mutumin da ya tsaya ya gina wa baƙar fata gidansu na kansu shi ne Andrew Foster, wanda aka fi sani da Rube, haifaffen jihar Texas, shahararren mai jifa wanda ya zama mai ƙungiyar Chicago American Giants. A watan Fabrairun 1920 ya tara masu ƙungiyoyin baƙar fata a birnin Kansas City, inda suka kafa gasar Negro National League mai ƙungiyoyi takwas. Burinsa bai tsaya ga jadawalin wasanni ba, so yake kuɗin ƙofa ya daina sulalewa zuwa aljihun dillalan fararen fata masu riƙe da filaye, kuma 'yan wasa su riƙa samun albashi a kan kari. Rashin lafiya ta raba shi da aikin a 1926, ya rasu a 1930, sannan babbar karayar tattalin arzikin Amurka ta ƙarasa gasar a 1931.

Sai dai iri ya riga ya kama ƙasa. A 1933 Gus Greenlee, attajirin birnin Pittsburgh wanda ya tara dukiyarsa ta hanyar caca, mai ƙungiyar Crawfords, ya farfaɗo da gasar, kuma a shekarar ce aka fara wasan zaɓaɓɓun 'yan wasan Gabas da na Yamma a filin Comiskey Park na Chicago, inda 'yan kallo ke zaɓen 'yan wasa ta hanyar cike takardun da jaridun baƙar fata ke bugawa. Wannan wasa ya zama babbar haɗuwar shekara, ana zuwa cikin jirgin ƙasa daga nesa an ci ado, har ya tara sama da mutum 50,000 a 1943. Duk da haka wasannin gasa kaɗai ba sa ciyar da ƙungiya, dole ne ta shiga motar safa ta bi gari gari tana karawa da duk ƙungiyar da ta samu, wani lokaci wasa biyu ko uku a wuni guda, 'yan wasa su kwana zaune a kujerun motar domin masaukan baƙi sun ƙi karɓarsu, su sayi abinci ta ƙofar baya. A cikin wannan hali ne ƙungiyar Kansas City Monarchs ta fito da dabarar da ta cece ta daga durƙushewa a 1930, lokacin da mai ita, J. L. Wilkinson, wanda farar fata ne, ya sa aka ƙera fitilu masu dogayen turaku da ake naɗewa a loda wa manyan motoci tare da injin janareta, a isa gari da la'asar a kafa su, ma'aikatan da suka wuni a masana'anta su fito kallo da dare. Shekara biyar bayan haka, a 1935, manyan gasannin fararen fata suka yi wasansu na dare na farko a Cincinnati.

Gwanayen da waɗannan gasanni suka fitar suna da yawa, amma biyu sun yi wa sauran fintinkau a bakin jama'a. Satchel Paige mai jifa ne dogo siriri wanda ya shahara da saitin hannu, kuma sunansa kaɗai a takardar talla ya isa ya cika fili. Josh Gibson kuwa mai cafke ne na ƙungiyoyin Crawfords da Homestead Grays, wanda ƙarfin dukansa ya sa ake kwatanta shi da Babe Ruth, gwanin gasannin fararen fata, wajen yawan hom-ron, wato dukan da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili har mai duka ya zagaye tashoshin nan huɗu ba tare da wani ya tare shi ba. Dukansu biyu sun buga wasa a Meziko da Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico, inda ba a tambayar launin fata kafin a ba mutum sanda. Gibson ya rasu a ranar 20 ga Janairu, 1947, yana da shekara 35, saura wata uku a buɗe ƙofar da ya yi rayuwarsa a bayanta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa wariyar ta zama abin kunya, domin baƙar fata suna mutuwa a fagen daga a ƙarƙashin tutar ƙasar da ta hana su filin wasa, kuma 'yan jarida irin su Wendell Smith na Pittsburgh Courier da Sam Lacy ba su daina matsa lamba ba. A ranar 28 ga Agusta, 1945, Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ya gayyato Jackie Robinson ofishinsa. Robinson yana buga wa Monarchs ne a lokacin, ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya riƙe muƙamin laftana a soja, kuma kotun soja ta wanke shi a 1944 bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar barikin soja a Texas. Rickey ya shafe sa'o'i yana kwaikwayon ma'aikacin otal mai raini da ɗan wasa mai ashar, yana jefa masa irin zagin da zai ji, domin ya tabbatar saurayin zai iya haɗiye fushi ba tare da ramawa ba. Robinson ya amince da sharaɗin, ya yi kakar 1946 a ƙungiyar Montreal ta Kanada, sannan a ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya fito a filin Ebbets Field sanye da riga mai lamba 42. Ya sha zagi daga bencin abokan hamayya, musamman daga kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya sami wasiƙun barazanar kisa, amma ya ƙare kakar da kyautar sabon ɗan wasa mafi fice, kuma a 1949 aka zaɓe shi gwarzon gasar National League.

Wannan ne ɓangaren labarin da kowa ya sani, kuma ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne Rickey bai biya Monarchs ko sisin kwabo ba. Mai bibiyar ƙwallon ƙafa ya san cewa babbar ƙungiya ba ta ɗauke ɗan wasan ƙaramar ƙungiya sai ta ajiye kuɗi, kuma haka tsarin yake tsakanin ƙungiyoyin fararen fata na besbol, amma Rickey ya kafe a kan cewa gasannin baƙar fata ba su da tsari ko ƙwararan kwantiragi da za a mutunta. Masu ƙungiyoyin sun rasa bakin magana, domin duk wanda ya kai ƙara za a ce shi ne ya tare wa ɗan uwansa hanya. Effa Manley, matar da ke tafiyar da ƙungiyar Newark Eagles, zakarun 1946, tana cikin ƙalilan da suka ɗaga murya, kuma da Bill Veeck na Cleveland ya nemi ɗan wasanta Larry Doby a Yulin 1947 ta karɓi dala 15,000, kuɗin da ita kanta ta san bai kai darajarsa ba. Daga nan 'yan kallo suka juya wa filayensu baya suka koma kallon Robinson, jaridun baƙar fata suka bi su, gasar Negro National League ta rushe bayan kakar 1948, takwararta Negro American League ta yi ta jan jiki har ta shuɗe a farkon shekarun 1960. Abin da aka rasa ya wuce 'yan wasa, domin tare da ƙungiyoyin ne masu ƙungiya da koci-koci da alƙalan wasa da sakatarori baƙar fata suka rasa sana'a, kuma manyan gasannin da suka kwashe gwanayen ba su buɗe wa waɗannan ƙofa ba. Ko su 'yan wasan ma ɗai-ɗai aka riƙa tsintarsu, har ƙungiyar Boston Red Sox ba ta sa baƙi a fili ba sai a 1959, kuma ba a sami babban koci baƙar fata ba sai a 1975, lokacin da Frank Robinson ya fara jagorantar Cleveland, kusan shekara uku bayan rasuwar Jackie Robinson, wanda ya yi kiran a naɗa baƙar fata a wannan muƙami a bainar jama'a kwanaki kaɗan kafin ya cika.

Waɗanda suka samu shiga sun nuna irin abin da aka daɗe ana hana duniya gani. Paige ya isa Cleveland a 1948 yana da shekara 42, ya kuma taimaka mata ta ɗauki kofin shekarar. Willie Mays ya fito ne daga Birmingham Black Barons, Hank Aaron daga Indianapolis Clowns, kuma Aaron ɗin ne ya karya tarihin hom-ron 714 na Babe Ruth a 1974. Zauren Gwarazan wasan da ke Cooperstown ya karɓi Paige a 1971, Gibson a 1972, Manley kuwa a 2006, ita ce mace ta farko da ta shiga.

Gyaran kundin ya ɗauki lokaci fiye da haka. Sai a Disambar 2020 hukumar manyan gasannin, MLB, ta amince cewa gasannin baƙar fata bakwai da aka yi tsakanin 1920 da 1948 manyan gasanni ne, kuma a ranar 29 ga Mayu, 2024, ta haɗe alƙaluman 'yan wasa sama da 2,300 da nata. Ma'aunin da aka fi girmamawa shi ne matsakaicin duka, wato sau nawa mai duka ya yi duka mai kai shi tasha a cikin kowace dama dubu da ya samu, kuma a nan Gibson mai 372 ya sauke Ty Cobb, farar fata, mai 367 daga saman jadawalin. Masu suka sun ce kakar gasannin baƙar fata gajeriya ce, wasa sittin zuwa tamanin a inda fararen fata ke buga 154, kuma riƙe matsakaici mai tsawo ya fi sauƙi a 'yan wasanni. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar lissafi, amma gajartar kakar ba zaɓin Gibson ba ce, wariya ce ta tilasta wa ƙungiyarsa yawon neman kuɗi a wasannin da ba a ƙirgawa, kuma wannan dalilin ne ya sa allon tunawa da shi a Cooperstown ke ambaton hom-ron kusan 800 alhali waɗanda kundin ya karɓa ba su kai 200 ba. Bugu da ƙari, Cobb da Ruth su ma a gasar wariya suka tara nasu alƙaluman, ba su taɓa fuskantar mai jifa baƙar fata a wasan gasa ba, kuma ba wanda ya taɓa rage musu daraja saboda haka. Masu binciken da suka yi shekaru suna tono sakamakon wasanni daga tsofaffin jaridu sun gano kusan kashi uku ne cikin huɗu, don haka alƙaluman za su ci gaba da sauyawa duk lokacin da aka tsinci wata takarda. Willie Mays, wanda gyaran ya ƙara wa duka goma daga kakarsa ta 1948 a Birmingham, ya rasu a ranar 18 ga Yuni, 2024, yana da shekara 93, kwana biyu kafin ƙungiyoyin Giants da Cardinals su kara a Rickwood Field, tsohon filin Black Barons, a wasan da aka shirya domin girmama waɗannan gasanni.